Tsallen Sarkin Rok na Zuru

Garin Zuru ya haifi manyan mutane. Ya haifi sojojin da suka taka ƙasashen da iyayensu ba su iya faɗin sunayensu ba. Ya haifi 'yan kokawar da ake labarinsu daga Ribah har Danko, da manoman da ke kafa dawa a jikin dutse kuma su cika rumbu. Amma sai a 'yan shekarun nan ne Allah ya cika wa garin alherinsa, ya ba shi mutumin da ya taɓa kallon wasan rok, kiɗan nan na Turawa mai ƙara, da idonsa a Legas.

Sunansa Joel, ɗan marigayi Kofur Francis. Shi ya fi so a kira shi Sarkin Rok. 'Yan kabu-kabun tasha, da yake mutane ne masu sauri, suka gajarta masa sarautar zuwa Na-Ikko, wato na Legas. Yana amsawa, don a ganinsa sunan birni ba ya zama zagi.

Kafin ɗaukaka ta same shi, Joel yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwa, inda yake tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce yaro ne mai fara'a, mai saurin gaisuwa, mai ɗaukar wa tsofaffi kaya. Wannan duk kafin ya waye ne.

Ga yadda wayewar ta zo, kamar yadda masu masaniya suka tabbatar. Gwaggonsa za a yi wa aikin ido a Legas, aka rasa mai raka ta, aka tura shi. Ya sauka wajen wani ɗan kawunsa, tsohon soja mai gadin wani katafaren gidan wasa. Wata Asabar aka yi taron makaɗan rok a gidan, ɗan kawun ya shigar da shi ta ƙofar baya da buhun ƙanƙara a ka. Da ya sauke ƙanƙarar bai fita ba. Ya laɓe a gindin wata lasifika mai tsawon rumbu, ya sha kallo har aka tashi. Kunnensa na hagu ya daɗe bai dawo aiki ba, kuma har yau yana nuna wa baƙi kunnen kamar yadda tsofaffin sojoji ke nuna tabon harsashi.

Ya kuma shiga silima. Ba irin gidan kallonmu na benci da labulen buhu ba. Wannan sai an hau matakala mai tafiya da kanta, a shiga ɗaki mai sanyin firji, a nutse cikin kujera. A bakin ƙofa aka ba kowa baƙin tabarau mai sa hoto ya fito daga allo ya nufo mutum. Da aka tashi, kowa ya jefa nasa cikin kwando. Joel mutum ne mai kishin garinsu. Ya ga bai kamata Legas ta riƙe ilimi ita kaɗai ba, sai ya sa nasa a aljihu.

Ya dawo Zuru ana tsakiyar zafin bazara, sanye da tabarau ɗin da baƙar rigar fata ta gwanjo, mai zif ta ko'ina, har inda babu aljihu. Gwaggon ta dawo tana gani tar. Shi kuwa ya dawo yana tuntuɓe da duwatsu. Zufa tana bin wuyansa tana ɗiga ta hannun riga, amma bai taɓa cire ta ba. Mutumin da ya ɗauki nauyin wayar da gari ba ya kukan zafi.

Darasin farko a teburin mai shayi aka yi shi.

"Ku da kunne kuke jin kiɗa," in ji shi, "shi ya sa kuka tsaya inda kuke. A Legas da ƙirji ake ji. In jita ta yi kuka, hanjinka ne zai fara amsawa. Mawaƙin ba ya gaishe da kowa. Ba ya kiran sunan mai kuɗi, ba ya jiran liƙi. Ihu yake yi, dubban mutane su mayar masa da ihu. Wannan shi ake kira ci gaba."

Wani dattijo ya tambaya ko mawaƙin ciwo ne ke damunsa. Joel ya dube shi ta cikin tabarau, da tausayi, ya ci gaba da shan shayi.

Daga nan ya waiwayi gidan kallo. Mutanen Zuru suna da tasu hanyar kallon fim: suna gargaɗin jarumi, suna zagin mugu, wanda ya taɓa ganin fim ɗin kuma yana sanar da wanda zai mutu tun kafin a kai wurin. Joel ya miƙe ya tare talabijin.

"A Legas ba a gaya wa jarumi cewa ana bayansa. Ba ya jinku. An riga an ɗauki fim ɗin."

Aka gode masa da wannan bayani, aka roƙe shi ya kauce. Ya zauna da tabarau a fuska. Gaskiya ne cewa tabarau ɗin duhu kawai yake ƙara wa talabijin ɗin, har wani lokaci sai ya tambayi na kusa da shi wa aka kashe. Amma ya tabbatar wa jama'a cewa shi zurfin fim ɗin yake gani, su kuwa fatarsa kawai.

Babbar dokarsa kuwa a kasuwa aka kafa ta. Hafsat mai ƙosai ce ta kai hannu ta murza hannun rigar, don ta ji fatar wace dabba ce. Joel ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi.

"A Legas ba a taɓa mawaƙi. Akwai ƙarti da ake ɗauka musamman don hana taɓa shi. Tunda ku ba ku kai ga ɗaukar ƙarti ba, kowa ya tsare kansa. Daga yau, tsawon hannu tsakanina da kowa. Ko rigar nan ta kama da wuta, kada a taɓa."

Hafsat ta shinshina yatsunta, ta ce ita dai ba ta ji ƙamshin wata dabba ba, ta koma kan kaskonta.

Ya kamata a faɗa, don cikar labari, cewa har zuwa ranar Joel bai taɓa rera ko baiti ɗaya a gaban mutane ba. Amma ya tsaya kusa da masu rerawa, kuma yana da kunnen shaida.

Abin da ya biyo baya ya isa abin alfahari. Cikin 'yan watanni Sarkin Rok ya koya wa Zuru abin da hukumomi suka daɗe suna fama a kai, wato bin doka. In ya shigo kasuwa, layi ya buɗe. In ya zauna a benci a coci, bencin ya zama nasa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi sai ya matsa ya zauna a kan tanki. 'Yan mata masu talla suna hango baƙar rigar sai su ce da juna, "A ba Legas hanya," su dare gefe suna rufe baki da mayafi. Joel ya ce dama ya sani, mutanensa ba su da taurin kai, jagora suka rasa.

Abu ɗaya ne kawai bai taɓa ba kowa labarinsa ba. A ƙarshen wasan da ya kalla a Legas, mawaƙin ya jefar da makirufo, ya sheƙo da gudu, ya yi tsalle daga kan dandamali ya faɗa kan jama'a. Bai taɓa ƙasa ba. Hannuwa suka tare shi, suka riƙa miƙa shi daga wannan zuwa wancan a saman kawuna, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Wannan Joel ya ajiye shi a ransa kamar irin shuka, yana jiran damina.

Daminar kuwa ta zo, kuma ta zo da maganar Gladys.

Gladys tela ce, 'yar Saje Ezekiel, tsohon soja mai gona a gindin dutse. Tun kafin tafiyar Legas Joel ke nemanta, kuma a lokacin tana sonsa, don yana sa ta dariya. Bayan tafiyar ma yana sa ta dariya, sai dai yanzu ba da saninsa ba. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta ga fara ta sauka a kafaɗarsa, ta kai hannu za ta kaɗe. Ya goce.

"Gladys, a gaban jama'a ba a taɓa mawaƙi. Ko da matarsa ce."

"To, na ji," in ji ta.

Waɗanda suka san Gladys sun ce in ta ce ta ji, to ta ji.

Da ruwa ya sauka, Saje Ezekiel ya aika a kira Joel. Joel ya same shi a ƙarƙashin mangwaro yana wasa fartanya.

"Ɗana, ka san golmo."

Joel ya sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san noman da saurayi ke yi wa mahaifin budurwa, shi da abokansa, kafin a ba shi ita.

"A zamaninmu shekaru ake yi," in ji Saje. "Kai damina ɗaya nake nema. Ba don dawa ba, ina da dawa. So nake in ga ko kana da mutane. Yarinyar nan ba zan ba da ita ga wanda in ya faɗi babu mai ɗaga shi ba."

Joel ya gyara tabarau.

"Baba, da girmanka, wannan tsohon tsari ne. Hannun nan na makirufo ne. Amma zan turo wakili, don manyan mawaƙa da wakili suke aiki. Maganar mutane kuwa, ka ba ni zuwa washegarin Kirsimeti. Zan tara maka Zuru gaba ɗaya a fili guda, ka ga mutanena da idonka."

Saje ya gwada kaifin fartanya da babban yatsa.

"Washegarin Kirsimeti dangi ke haɗuwa a gidan nan. A ranar zan gaya musu wanda zai auri Gladys. Ka tara su mu gani."

Wakilin da Joel ya zaɓa shi ne Kefas, abokinsa tun firamare, manomi, ɗan kokawa, kuma mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan coci. Joel ya naɗa shi manaja. Kefas ya tambayi aikin manaja, aka ce masa noma ne a gonar Saje.

"Kai kuma fa?"

"Ni zan kula da ɓangaren tunani."

"To, Allah ya ba da damina mai albarka a ɓangaren naka," in ji Kefas, ya saɓa fartanya.

Ya tara abokansa, suka yi shuka, suka yi noman fari, suka yi maimai. Gladys ce ke kai musu abinci gona. An lura cewa tuwon yana ƙara yawa daga mako zuwa mako, kuma miyar tana ƙara nama, amma ba a kai wa Sarkin Rok wannan rahoto ba. Shi ma ya ziyarci gonar sau ɗaya. Ya tsaya a kan dutse ya ɗaga wa manoman yatsu biyu kamar ƙaho, ya ce gaisuwar rok ke nan. Suka ɗaga masa fartanya.

Bayan girbi aka shiga shiri. An samu filin wata firamare. Dandamali kuwa, Joel ya je wajen Muntaka, mai motar ɗaukar hatsi zuwa kasuwannin Kanya da Ribah, ya nemi aron bayan motarsa. Muntaka ya zagaya motar yana kallon tsayinta, ya dawo ya kalli Joel.

"Na-Ikko, motag ga dawa ta saba ɗauka. Ni dai ku bar man ita yadda kunka ganta."

Makaɗa kuwa babu wasu sai na coci. Fasto ya ba da aron kayan kiɗa bayan an tabbatar masa ba za a zagi kowa ba. Joel ya tara su ya yi musu bayanin rok: a buga da ƙarfi, a buga da fushi, kada a yi murmushi. Ya ƙara da cewa a Legas in an gama wasa, mai jita yakan maka ta da ƙasa ta tarwatse.

Kefas ya rungume jitar.

"Zumuntar mata ce ta sayi wannan. In ka fasa, kai za ka je ka yi musu bayanin Legas."

Joel ya yi nazari, ya yanke hukuncin cewa Zuru ba ta kai wannan mataki ba tukuna.

An sha wahala a gwaji. Makaɗan suna farawa da fushi kamar yadda aka umarce su, amma hannu ya riga ya saba. Kafin a je ko'ina mai ganga ya sassauta, mai molon lantarki ya bi shi, sai ka ji kiɗan ya gangara ya koma waƙar safiyar Lahadi. Joel ya tsayar, a sake. Su sake gangarawa. Ya ce wannan ita ce matsalar mutanen da suka taso cikin kwanciyar hankali.

Maganar tsalle kuwa ko Kefas bai ji ta ba. Joel ya yi imani cewa in aka sanar da abin mamaki ya lalace. A Legas ai bai ga an yi wa kowa sanarwa ba.

Ranar ta zo. Joel ya cika alkawari, kuma dole a yaba masa: Zuru ta fito. Shiga kyauta ce, an gama girbi, ciki ya cika da shinkafar Kirsimeti. Kiristoci sun zo da sababbin kaya, maƙwabtansu Musulmi sun zo taya su, har makiyaya sun jingina sanduna a bakin fili suna kallo.

Saɓani na farko a kan kujeru aka yi. A Zuru ba a taro sai an jera kujeru a gaba don dattawa. Joel ya ce a rok babu kujera, tsayuwa ake yi. Dattawa suka ce su gwiwoyinsu ba su je Legas ba. Aka sasanta: aka kafa musu rumfa a gefe, Saje Ezekiel a tsakiya a matsayin uban taro, matasa kuma suka cika gaban motar. Joel da kansa ya nuna wa Gladys inda za ta tsaya, sahun farko, daidai tsakiya. So yake hannunta ya zama na farko.

Aka buɗe da addu'a. Joel ya ce a Legas ba a yi, fasto ya ce kayan kiɗan nasa ne. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya miƙe ya ɗaga hannu. Shugaban tsofaffin sojoji ya ce kalma biyu kawai zai faɗa, ya ba da labarin yaƙi tun daga hawa jirgi. Kafin makirufo ya iso hannun Sarkin Rok, rana ta yi sanyi, inuwar dutse ta rufe rabin fili.

Ya hau motar da rigar fata da baƙin tabarau.

"Zuru, kuna nan?"

Aka amsa masa cikin ladabi cewa ana nan lafiya, ya gida.

Kiɗa ya tashi. Joel ya buɗe baki. Shaidu sun saɓa a kan yaren da ya yi waƙar da shi. Wasu sun ce Turanci ne, wasu sun ce Yarabanci, wata tsohuwa ta rantse cewa haka mijinta ya yi ranar da kunama ta harbe shi. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne ƙarfin muryar. Awakin unguwa sun bar wurin.

Sai abin da aka saba ya faru. Mai ganga ya sassauta, saura suka bi shi, kiɗan ya gangara ya koma waƙar Lahadi. 'Yan zumuntar mata suka gane ta nan take. Suka miƙe, suka ɗaure ɗankwali, suka kama amshi. Matasa suka ɗauka. Cikin ɗan lokaci fili gaba ɗaya yana rawa yana tafi, ana rera waƙar da kowa ya sani tun yana goye.

Daga kan motar, ta cikin baƙin tabarau, da kunne ɗaya da rabi, Joel bai ji kalmomin ba. Ya ga baƙin taro yana motsi kamar ruwa, ya ji ƙara tana dukan ƙirjinsa. Legas ce sak. Ya waiga wajen rumfa don ya tabbatar Saje na kallo. Ya jefar da makirufo. Ya ja da baya har ƙarshen motar, ya sheƙo da gudu, ya buɗe hannuwa, ya tashi sama.

A nan ya kamata a yi wa mutanen Zuru adalci. Mutane ne da suka girma a bakin filin kokawa, inda kowane yaro ya san in ƙato ya taho ta sama, kaucewa ake yi a bar shi da ƙasa. Da yawansu kuma 'ya'yan sojoji ne, an gaya musu tun suna ƙanana cewa abin da ya taho daga sama ba a tsayawa tambayarsa. Bayan wannan duka, ga baƙar riga tana tahowa, rigar da aka shafe watanni ana horar da su a kanta.

Gladys ce ta fara matsawa. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi ihu ba. Gefe ta koma, tsawon hannu daidai. Na bayanta suka bi, na bayansu suka bi. Taron ya tsage biyu cikin tsari, babu wanda ya taka wani. Saje Ezekiel ya ce daga baya tun da ya bar soja bai ga fareti mai tsabta irin wannan ba.

Ƙasar filin firamare a watan Disamba ba ta da tausayi. Ƙarar da aka ji, in ji Muntaka, irin ta buhun dawa ce in ya kuɓuce wa masu lodi.

Kiɗa ya tsaya. Wasu daga baya suka fara tafi, don sun ɗauka haka ake rufe rok. Jama'a suka kewaye Sarkin, suka bar masa fili mai kyau ta kowane gefe. Yana kwance rub da ciki, tabarau ya rabu biyu, kowane ido da nasa.

"Ku ɗaga ni," in ji shi, da muryar da ba ta je Legas ba.

Aka kalli juna.

"A taɓa?" wani ya tambaya.

"Ku ɗaga ni mana."

"Har da rigar?"

Ana cikin wannan shawara Kefas ya jingina jitar zumuntar mata a inda ba za ta faɗi ba, ya sauko daga motar, ya ratsa jama'a. Bai tambayi kowa ba. Ya tallabo Joel, ya saɓa shi a baya, ya nufi gidan mai ɗori da ƙafa, don kabu-kabu zai girgiza karayar. Abokan nomansa suka bi shi suna karɓarsa a hanya in ya gaji. Saje Ezekiel yana zaune a rumfa yana kallonsu har suka sha kwana.

Mai ɗori ya ce ƙashin kafaɗa ne, kuma ba zai iya aiki ba sai an cire riga. Riga ta ƙi fita. Aka sa almakashi. Ta yanku cikin sauƙi, kamar ledar shimfiɗa, kuma a ciki ba a samu alamar wata dabba ba. An kai wa Hafsat labari, ta ce ta gode.

A gidan Saje kuwa dangi sun haɗu kamar yadda aka tsara. Bayan an ci abinci, tsohon ya yi gyaran murya.

"Na ce zan duba wanda in ya faɗi za a ɗaga shi. Na duba. Sai na ga ashe mai ɗagawar ya kamata in duba tun farko. Kuma da na dube shi da kyau, sai na ga shi ne dai ya nome mini gona." Ya juya wajen 'yarsa. "Gladys, ke me kika gani?"

"Baba, ni tun lokacin maimai nake jira ka lura."

Sarkin Rok ya karɓi labarin da dattako irin na manya. Da ya fara fita, hannu rataye a wuya, ya yi wa teburin mai shayi bayani cewa wasan ya yi nasara ta fuskar fasaha, jama'a ne ba su shirya ba. Ya ce a Legas manyan mawaƙa ba su cika yin aure ba, don aure yana rage murya. Ya ce dama shi ya tura Kefas gonar, saboda haka auren ma shirinsa ne. Ya liƙe tabarau da gam. Ya ɗinke rigar, amma ba a shagon Gladys ba.

Bayan Ista aka yi biki. Joel ya halarta, don shi ba mai riƙo ba ne, kuma an ce za a yanka sa. Da aka fito daga coci, abokan Kefas, waɗanda suka yi damina tare da shi a gindin dutse, suka sure ango kamar yadda ake sure ɗan kokawar da ya yi kaye. Suka ɗaga shi sama. Hannuwa suka yi yawa, kowa na son ya taɓa, sai ango ya fara tafiya a saman kawuna daga wannan zuwa wancan, yana dariya yana roƙo a sauke shi, har aka dire shi a gaban amarya.

Joel yana tsaye a gefe yana kallo ta cikin tabarau mai gam. Ya girgiza kai.

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji shi. "A Legas ta baya ake tallabowa."

Babu wanda ya musa masa. Babu ma wanda ya ji shi. Duk cunkoson da ake yi a harabar cocin, an bar masa tsawon hannu ta kowane gefe, kamar yadda ya koyar.